Na Bar Tuwo Na Kama Man Shanu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Tofa. Tumbi ya dame ni, har ruku'u yana yi mini wuya. Sai na ji a waya wai in mutum ya bar hatsi ya koma cin maiƙo, zai rame. Ban tambayi kowa ba, na gwada a kaina. Na bar tuwo da fura, na kama man shanu da kitse.

Malam, na rame kuwa. Amma ni da 'yan'uwana kwano ɗaya muke ci a zaure. Da na janye hannuna, yayana ya ce, "Me muka yi maka?" Maƙwabta suka fara zuwa dubiya. Inna, mahaifiyata, ta kira matata ta ce, "Ke, horon yunwa kike yi masa?" Baiwar Allah ta yini tana kuka.

Na je asibiti aka auna jinina, likita ya ce kitse ya yi yawa, in bar maiƙo. Inna kuma kullum sai ta kawo mini dambu da kanta, man shanu kwance a kai, ta zauna sai na cinye.

Yanzu ga hatsin, ga maiƙon, tumbin kuma ya dawo. Don Allah a ba ni shawara, me zan ce wa Inna? Gobe ma za ta kawo.

Naku, Malam Sani.