Ɗana Ya Zubar Mana da Irin Kindirmo

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni dattijo ne a Kwarbai. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta mini.

Ɗana, ɗan boko, ya zubar da irin kindirmon da uwarsa ke haɗa nono da shi tun kafin a haife shi, har ya wanke ƙwaryar da sabulu. Wai, "Baba, ƙwayoyin cuta ne!" Kwanan baya uwar tasa ta sha kafso, gudawa ta kayar da ita. Likita ya ce maganin ya kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron jiki, a ba ta kindirmo. To, ina iri? Na kanti kuwa ta ƙi sha.

Jama'ar Kusfa da Kwarbai, mai tsohon iri ya sam mana cokali ɗaya. Shi ɗan bokon zan aiko da ƙwarya.