Ranar da Kurar Gardawa Ta Shigo Layinmu

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku. Ni ce Saratu, matar Ishaya mai gyaran injin ban ruwa. Godiya na zo yi, amma ku yi mini haƙuri, har yanzu raina a ɓace yake.

Ranar kasuwar Bunkure da ta wuce, gardawa masu wasa da kura suka sauka a bayan layinmu. Da rana suka cire mata takunkumi suka ba ta nama, suka ɗaure ta da wata ruɓaɓɓiyar igiya, suka tafi cin abinci. A tsakiyar gidajen mutane fa!

Ina tsakar gida ina turara shinkafa. Babana kuwa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya tashi, kullum a gindin dalbejiyar ƙofar gida muke shimfiɗa masa tabarma, maza su zauna su taya shi hira.

Sai na ji ihu: "Kura ta tsinke!"

Na fito da gudu. Masu hirar nan babu ko ɗaya. Wasu sun ɗare katanga, wasu sun shige shagon niƙa sun ja ƙofa. Ƙarti masu saɓa buhun shinkafa kamar matashin kai, sun bar tsoho a ƙasa!

Ga ta nan tana tahowa, guntun igiya a wuya, yawu na dalala.

Baba ya ce, "Saratu, koma ciki ki rufe ƙofa. Ni na riga na tsufa."

Na ce, "Baba, ba inda za ni."

Na ja shi, ya fi ƙarfina. Sai na kwanta a kansa na rufe shi da jikina. Na ce, "Ya Ubangiji, kai da ka rufe bakin zakoki saboda Daniyel, rufe wannan ma!"

'Yan'uwa, na ji hucinta a tafin ƙafata. Na ji ɗoyin bakinta. Ta shinshina ni, ta tsaya, sannan ta juya ta gangara bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, tana shan ruwa. A can gardawan suka cafke ta. Ko ƙwarzane ba mu samu ba. Halleluya!

To ga abin da ya ƙona mini rai. Babban gardin ya zo yana dariya, ya ce wa jama'a, "Kun gani? Maganinmu ne ya ɗaure mata baki." Su kuma mutanen katanga suka sauko suna rububin karɓar laya a wurinsa!

Na ce, "Malam, lokacin da take shinshina ƙafata, kana ina kai da maganin naka?"

Ya ce, "Baiwar Allah, ai ba ta cizo."

Na ce, "To ina yatsunka biyu na hagu suka tafi?"

Ya cusa hannun a aljihu. Kafin magariba mai unguwa ya sa sun tattara sun bar mana gari.

Mazan nan, fasto ya ce in yafe, ina kuwa ƙoƙari, ku taya ni da addu'a. Amma a ɗauki aikin Allah a ba wa laya a gabana, wannan ba zan yi shiru ba.

Ga Baba can a kujerar baya, shi ya ce lallai a ɗauko shi yau. Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, domin ranar da kowa ya ja ƙofa, shi ya tsaya. Amin.