Tsibin Buntun Bayan Inji

Inna: Salamu alaikum. Babba, kana ji? Auta, an haɗa ki?

Babba: Ina ji, Inna. Ina kwana? Ya ƙafar?

Auta: Ina kwana, Inna? An tashi lafiya?

Inna: Lafiya lau. Ya yaran? Ya mijin naki? To ku natsu ku saurara, katina kaɗan ne. Kun tuna tsibin buntun shinkafar nan na bayan injin babanku?

Auta: Jujin Yaya?

Babba: Jujinki dai. Ranar rabon gado ke aka ba filin.

Auta: Ni kuma na ce ban karɓa ba!

Inna: Madalla. Marayan juji, ba uwa ba uba. To masu kamfani sun zo suna so. Wai silika za su fitar.

Auta: Siliki? Na ɗinki? Daga buntu?

Inna: Ni ma haka na ji, har na zaɓi launi. Silika! Wani farin gari ne, da shi ake gilashi da tayar mota, har man goge baki. Ashe ƙurar arziki ce ke sa mu tari. Mai filin suke nema ya sa hannu.

Babba: To ai ni ne babba.

Auta: Yanzu ka ce ni aka ba!

Babba: Layin ne ba kyau, ba ki ji daidai ba.

Inna: Sharaɗinsu ɗaya, ɗanye suke so. Su za su wanke, su ƙona a tandarsu da wuta daidai gwargwado, toka ta fito fara tas. Wanda aka ƙona a fili baƙi yake yi, ko kyauta ba sa ɗauka.

Babba: Inna... kina ina yanzu?

Inna: Ofishinsu. Har kujera mai juyawa suka ba ni. Me ya faru?

Babba: Ai kin daɗe kina cewa a kawar da shi. Na ce bari in faranta miki. Ɗazu na ba mai gadi fetur da ashana.

Inna: Tun kana saurayi nake faɗa, sai yau kunnen ya buɗe?

Auta: Innalillahi! Yaya, ka ƙona mini gado!

Inna: Kuka daga baya. Buntu a hankali yake ci. Ku sasanta yanzun nan, ɗaya ya zo nan da biro, ɗaya ya ruga da bokiti.

Babba: Ni ne biro.

Auta: Wallahi ni ce biro! Inna, ki gaya masa... Inna? Halo?