Tashar Jirgi a Ɗakin Baƙi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Abdullahi ne daga unguwar Aziziyya a Madina.

Tun ina yaro nake leƙen tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na tashar Anbariyya, waɗanda suka daina tafiya tun kafin kakana ya iso garin nan. Da na girma sai na ƙera ƙaramar tashar da katako a ɗakin da muke saukar baƙi, har da dogo da taragai da tankin ruwa. Sai dai a kan allon babban teburi guda na manne komai, ban auna ƙofa ba. Yanzu tashar ta cinye ɗakin, kuma ta ƙi fita.

Ga Kawuna na Kano zai zo Umra da azumi, kuma mutumin Madina ba ya tura baƙonsa otal. Uwargida ta miƙo mini zarto, ta kira ni da alkunyata ta ce, "Ya Abu Khalid, khalas, ya isa haka! Ko a raba abin nan biyu, ko ka san abin da za ka faɗa wa dangi."

Na kira Kawu na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, yi mini shimfiɗa a gindin teburin. Na sha kwana a tashar Kano ina jiran jirgin da bai zo ba."

Uwargida ta ce wannan abin kunya ne. Ni kuwa na kasa sukuni, in ɗauki zarton in ajiye.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in yanka tashar, ko in kwantar da dattijo a ƙarƙashinta? Ku hanzarta, wata ya kusa tsayawa.