Allurar da Na Ƙi a Yi wa Yayana a Kemis

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Daga Bunkure nake rubutowa. Ciwon baya da ciwon damuwa sun daɗe da raba yayana da noman rani. Na karanta cewa allurar ketamin tana taimaka wa wasu, sai na shiga neman asibitin da ake yin ta.

Wani mai kemis ya ce min, "Haba Alhaji, wane asibiti? Kawo shi nan, minti biyar ne!"

Na ƙi, na kai shi Kano. Likita ya ce ba a yin ta sai ana lura da numfashi da bugun zuciya, ya fara ɗora shi kan wani magani. Jiya Yaya da kansa ya ba tumatirinsa ruwa.

Wallahi ina alfahari da ƙin nan da na yi. Ku gaishe min da shi, yana saurare.