Mai Ruwa ko Busasshe?

Mai jirgi: Salamu alaikum, Yaya. Kana ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam, mijin ƙanwata. Ina wuni? Ya kogi?

Mai jirgi: Da godiya. Ya gareji? Ya gajiya?

Yaya: Gajiya kam akwai ta. Tun safe kaina na cikin wayoyin motocin mutane. Ya yara?

Mai jirgi: Lafiya lau. Dama shawara nake nema kan batirin jirgi.

Yaya: Baturen jirgi? Wane Bature kuma?

Mai jirgi: Batir! Batir na ce! Wanne ne mai sauƙin kuɗi, mai jimawa?

Yaya: Ba watan jiya ka sayi sabo ba? Na ce maka busasshe, rufaffe, wanda aka yi don jirgi.

Mai jirgi: To, mai shagon ne ya ce, mai ruwa ko busasshe? Na ce ai jirgin ruwa ne, ba ni mai ruwa. Ga shi ya fi arha.

Yaya: Kai jama'a! Araha ba ta ado, malam. Na mota aka ba ka. Jirgi na tangaɗi, ruwan batirin na zuba, kawunansa su yi tsatsa.

Mai jirgi: Haka kuwa aka yi. Igiyar ruwa ta doke mu, batirin ya kife, injin ya ƙi tashi.

Yaya: Ka ja igiyar injin mana.

Mai jirgi: Ta tsinke tun bara.

Yaya: Na gaji da kai wallahi. Ka zo gareji gobe mu je kasuwa tare. Dakata, kukan wa nake ji?

Mai jirgi: Jaririnmu ne. Ƙanwarka na nan, ita ke kwashe ruwa da kwano.

Yaya: Kwashe ruwa? Kuna ina yanzu?

Mai jirgi: Tsakiyar kogi. Filafilin tuƙi ɗaya gare ni, hannuna ya mutu.

Yaya: Innalillahi! Shi ne ka tsaya tambayata gajiya?

Mai jirgi: Kunya na ji, Yaya. Ka faɗa mini, ban ji ba.

Yaya: Bar kunyar! Zan turo masunta. Daidai ina kuke?

Mai jirgi: Mun wuce gada, ruwa na jan mu wajen duwatsu. Yaya, wayar na ƙara, ita ma a jikin batirin nake yi mata ca...

Yaya: Wace gadar? Tsohuwa ko sabuwa? Halo? Halo!