Dabarar Teku a Gonar Gyaɗa

A tashar Roni, wani saurayi ya dubi hannun tsohon da ke gefensa, Malam Daudu, naɗe da tsumma.

"Baba, me ya same ka?"

"Ilimi, ɗana. A waya aka nuna min wata dabbar teku mai hannu takwas. Ta hau dutse ta koma kalar dutse, ta hau yashi ta zama yashi. Na ce da dabararta zan kama ɓarawon gyaɗata. Na lulluɓa da harawa, na kwanta a gona."

"Ka ɓace kuwa?"

"Sosai! Har saniya ta tako ni, ta hau kiwo a kaina."

Wata mace a gefe ta leƙo. "To, Malam, gyaɗar fa?"

Malam Daudu ya shiga gyaran hula.